Gudun Koren Kaya, da Ma'anar Gudu a Kontagora

Idan magidanci ya fito daga gida a Kontagora da sassafe ya kama gudu a kan titi, kafin ya kai kwanar farko wani zai tare shi da tambaya: "Malam, lafiya?" Tambayar tana da dalili. A wurinmu babba ba ya gudu haka siddan. Yaro ne ke gudu in an aike shi, soja kuma yana gudu saboda aikinsa ne, kuma mutanen garin nan da ya daɗe da bariki sun saba ganin sojoji suna atisaye. Amma mai iyali, mai rawani ko mai babbar riga, tafiyarsa a natse ita ce mutuncinsa. In ma za a yi tsere, doki ake ba wa aikin, a yi sukuwa a gaban Sarkin Sudan ranar hawan sallah.

Da wannan ido na daɗe ina kallon wata al'ada ta Amurka: tseren kan titi da ake yi a tsakiyar watan Maris don tunawa da ƙasar Ailan. Ranar 17 ga Maris ce ranar Waliyyi Patrick, wanda Kiristocin Ailan suke ɗauka a matsayin wanda ya kai musu addini a ƙarni na biyar. A makonnin da ke kewaye da ranar, garuruwa manya da ƙanana sukan rufe titunansu, dubban mutane su fito sanye da koren kaya, wasu da hula mai tsawo, wasu da zanen wani ganye mai kunne uku a kumatu, su yi gudun kilomita biyar ko takwas ko goma. A Shikago, inda tun 1962 ake rina kogin garin ya koma kore, akwai tseren kilomita 8 mai suna Shamrock Shuffle da aka fara a 1980. A Holyoke, wani ƙaramin gari a jihar Massachusetts, ana gudun kilomita 10 ranar Asabar, washegari a yi jerin gwano.

Wanda ya tsaya a kan launi da kiɗa bai ga komai ba tukuna. Yunwa ce ta ba bikin ƙarfinsa. Tsakanin 1845 da 1852 cuta ta kama dankalin da talakawan Ailan suka dogara da shi. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wani miliyan ɗayan ya tsallaka teku. Waɗanda suka sauka a Boston da New York ba su tarar da shimfiɗa ba. An raina su saboda talauci, an tsangwame su saboda ɗarikarsu ta Katolika, aka bar musu haƙar magudanar ruwa da aikatau. Fitowa titi sau ɗaya a shekara cikin launin ƙasarsu wata hanya ce ta cewa suna nan, kuma garin nasu ne su ma. Tseren ya zo daga baya, a shekarun 1970 da gudun motsa jiki ya bazu a Amurka, ya jingina da wannan tsohon bikin. Kakanni sun yi gudun yunwa, jikoki suna gudun nishaɗi a titunan da kakannin suka shimfiɗa da hannunsu. Wannan juyin shi ne ya fi taɓa ni.

Al'adar tana da nata rauni, kuma ba zan rufe ido a kai ba. Yawancin masu gudun yau ba su da dangantaka da Ailan, wasu ma ba su san labarin yunwar ba. Kamfanoni sun shigo, ana biyan kuɗin rajista, ana sayar da riga da lambar rataya wuya, kuma a wurare da dama kofin giya ne ladan ƙarshen gudu, abin da 'yan Ailan da yawa ke ƙorafin yana ƙara manna musu sunan mashaya. Tarihin wahalar al'umma guda ya zama ado. Duk da haka akwai abin da ciniki bai cinye ba. A irin wannan tsere gwanaye kaɗan ne ke neman na ɗaya. Sauran jama'a neman ƙarasawa suke. Tsohuwa da jikanta, mai ƙiba da siriri, mai tura jariri a keke, kowa ana tafa masa. Mu kuwa sunan da muka raɗa wa dogon tsere shi ne gudun yada ƙanin wani, suna mai armashi, amma yana nuna yadda muke kallon abin: a gudu har a kayar da wani. Shi ya sa wanda ya san ba zai ci ba yake jin kunyar shiga.

Ailan ba baƙuwa ba ce a Kontagora, ko da yake da yawanmu ba mu lura ba. Limaman ƙungiyar mishan ta SMA, 'yan Ailan, sun yi shekaru suna aiki a ƙauyukan Kambari da maƙwabtansu. Lokacin da aka yanke yankin Kontagora na cocin Katolika a 1995, wanda aka fara damƙa wa shi ne Timothy Carroll, mutumin lardin Cork, kuma aka san zamaninsa da haƙar rijiyoyi da koyar da karatu a lokacin rani. Bulus Dauwa Yohanna ya karɓi jagoranci a 2012. Tun 1961 ma limaman Katolika suka ayyana Patrick a matsayin waliyyin Najeriya. Wani ɗan lardin Cork ɗin kuma, Colm O'Connell, ya je makarantar St Patrick da ke Iten a Kenya a 1976 don koyar da labarin ƙasa, bai taɓa horar da kowa gudu ba. A hannunsa David Rudisha ya tashi, wanda ya kafa tarihin duniya a mita 800 a Landan a 2012. Iten tana kan tsauni mai tsayin kusan mita 2,400, kuma horo a irin wannan tsayi yana ƙara wa jiki juriyar gudu. Mu a Najeriya Pankshin ce ta fi kama da ita, shi ya sa 'yan Filato ke gaba a dogon gudu. Amma abin da malamin ya yi ba ya buƙatar tsauni: ya tsaya ya kalli yaran da ke gabansa, ya ɗauki gudunsu da muhimmanci.

Yaranmu ma suna gudu. Na tuna gasar wasannin makaranta, lokacin da ake sakin ɗalibai su zagaya gari, wasu ba takalmi, mata na guɗa a ƙofar gida. Da an gama sakandare sai abin ya mutu. Babu wanda ya ce musu akwai tseren Okpekpe na kilomita 10 a jihar Edo tun 2013, ko na Legas tun 2016, ko wanda Kaduna ta yi a 2020. 'Yan mata kuwa tun kafin su gama ake ce musu sun girma.

Ba ina cewa mu sa koren kaya a watan Maris ba. Zafin Maris a nan zai iya kwantar da mutum kafin kilomita na uku. Lokacinmu shi ne hunturu, bayan an kai amfanin gona gida, daga idar da asuba zuwa hantsi. Labarin da za a rataya wa gudun ma muna da namu. An ce sunan garin daga "kwanta gora" yake, umarnin da Umaru Nagwamatse ya ba mutanensa su sauke goransu na ruwa su yada zango bayan doguwar tafiya. Garin da sunansa ke nufin an iso an huta, ai ya dace da tseren da kowa ke neman isowa.

Sai dai akwai abin da ya fi zafin rana nauyi. A 'yan shekarun nan kalmar gudu ta koma wa ma'anarta mai ɗaci a jihar Neja. Bayan satar ɗaliban Kagara da yaran Islamiyyar Tegina a 2021, da hare-haren ƙauyukan Mariga da Rijau, garin nan ya cika da waɗanda suka baro gonakinsu cikin dare. Hausawa na cewa in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Su dai ya zo musu. Na ga dattijai masu furfura da suka yi tafiyar da ta fi ta kowane tsere, da jikoki a kafaɗa, babu mai tafa musu. Duk wanda zai shirya gudun nishaɗi a Kontagora sai ya fara da su: a zaga cikin gari tunda hanyar daji ba ta aminta ba, a tashi daga ƙofar fada a dawo nan, Musulmi da Kirista, Bahaushe da Bakambare da Badakkare, mata da suturar da ta yi musu, abin da aka tara kuma ya koma hatsi da barguna ga 'yan gudun hijira. Yaran da suka iso garin a guje a sa su a layin gaba, a rubuta sunan ƙauyen kowannensu a rigarsa.