Ibadar Janar Gowon da Yunwar Biyafara

Marubutan tarihin Janar Yakubu Gowon, irin su Isawa Elaigwu a littafinsa na 1986, sukan yaba tsoron Allahnsa: ɗan mai bishara, tashin Wusasa, wanda ya gindaya wa sojojinsa ƙa'idojin yaƙi a 1967, ya yi afuwa a 1970. Yabon na da tushe, amma da saura. An yi kisan Asaba bayan fitowar ƙa'idojin nan. Ojukwu ma Kirista ne. Dukansu sun zo Yamai a Yulin 1968, Diori Hamani na mai masauki, suka koma, yunwa ta ci gaba da kashe yara. Malamin da zai karantar da wannan tarihi, ya auna ibadar shugaba da yawan rayukan da ta tserar.