Tsokaci a kan Darasin Masu Taimakon Al'umma a Ƙananan Azuzuwan Firamare

1.0 Gabatarwa

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa, ko harshen da ya fi rinjaye a muhallinsa, a shekarun farko na firamare. A 2022 aka faɗaɗa wannan tanadi zuwa shekara 6, sannan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi ya sanar da janye shi. Duk da haka Hausa tana nan a matsayin darasi, kuma a cikinta da darasin zamantakewa ne yaro ke fara haɗuwa da batun mutanen da ke yi wa al'umma hidima. Wannan takarda za ta duba yadda ake gabatar da wannan batu daga aji 1 zuwa aji 3, ta nuna inda aka gaza, sannan ta kawo shawarwari.

2.0 Matsalar Kalma

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne kalmar da ake amfani da ita. Sau da yawa malami kan ce "jarumi", alhali a tunanin Bahaushe jarumta ta fi danganta da fagen fama da dambe da farauta. A bakin yaran yau kuwa, jarumi shi ne tauraron fim. Idan aka ce wa yaro ungozoma jaruma ce, sai ya rasa inda zai ajiye maganar. Kalmar "gwarzo" ta ɗan fi dacewa, domin ana faɗar ta ga mai juriya a kowane irin aiki. To amma Hausa tana da ma'aunin da ya fi waɗannan kusa da manufar darasin, wato "mutumin kirki". A laccar da aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya yi bayanin halayen da Hausawa ke auna kirki da su, irin su gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da mutunci. Yaro ɗan shekara 7 yana iya riƙon amana tun yau, ko da canjin aike ne. Saboda haka wannan ma'auni ya fi ba shi abin kwaikwayo.

3.0 Jerin Masu Taimako

Idan aka duba jerin da aka saba kawowa, za a tarar da likita da nas da ɗan sanda da ma'aikacin kashe gobara da masinjan gidan waya. Babu mai musun muhimmancin waɗannan. Sai dai jerin ya yi kama da wanda aka ɗauko daga littattafan Ingila da Amurka aka sa masa rigar Hausa. Kusan dukkansu ma'aikatan albashi ne masu kayan sarki, kuma akwai yaran karkara da ba su taɓa ganin motar kashe gobara ba. Waɗanda yaro ke gani kullum su ne ungozoma da wanzami da maɗori da maƙeri da ɗan ga-ruwa da mai unguwa da 'yan sintiri da malamin allo. Haka abin yake ga yaron da ya tashi a Sabo ta Ibadan ko a Agege ta Legas, inda sarkin Hausawa da fatoma ke karɓar baƙo su sama masa masauki.

Illar wannan giɓi babba ce. Yaron da mahaifinsa ke tura kurar ruwa, idan ya shekara 3 yana karanta masu amfani ga al'umma bai ga sana'ar gidansu ba, zai fahimci cewa makaranta ba ta ɗauki mahaifinsa da daraja ba. Daga nan raina sana'a ke farawa. Alhali kuwa al'adar Hausa ta girmama sana'o'i har ta yi musu sarautu, kamar Sarkin Aska da Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera, ta kuma san aikin gayya. Mawaƙa ma sun riga masu tsara manhaja gane wannan, domin Ɗanmaraya Jos ya yi wa karen mota waƙa sukutum.

4.0 Rashin Labari

Gazawa ta uku ita ce ta salo. Yawanci darasin jeri ne na sunaye da ayyuka da za a haddace don jarrabawa. Tun daga tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi har zuwa Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, ta hanyar labari ne Bahaushe ke cusa tarbiyya. Nijeriya kuwa ba ta rasa labarai na gaskiya ba.

Alal misali, a watan Yuli na 2014 Dakta Stella Adadevoh ta hana a sallami wani majiyyaci da ya shigo Legas daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola, duk da matsin lambar da aka yi mata. Ta kamu da cutar ta rasu a watan Agusta, kuma a ranar 20 ga Oktoba na shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Nijeriya ta rabu da cutar. A watan Yuni na 2018, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa a Ƙaramar Hukumar Barikin Ladi ya ɓoye mutane fiye da 200, galibinsu Kiristoci, a masallaci da gidansa lokacin wani hari. Haka kuma Malam Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar saka tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Yayin da ruwan ke bushewa sai ya janye zafi, kayan miya su daɗe ba su lalace ba. Wannan aiki ya jawo masa lambar yabo ta Rolex a 2000.

Waɗannan labarai sun haɗa mace da namiji, Musulmi da Kirista, Kudu da Arewa, wanda kuwa shi ne abin da ake bukata musamman a azuzuwan da ake koyon Hausa a matsayin harshe na biyu. Sai dai wajibi ne a yi hattara da shekarun yara. Labarin tukunya ya dace da aji 1, domin ana iya gwada shi a harabar makaranta. Labaran da suka ƙunshi mutuwa da rikici kuwa a jinkirta su zuwa aji 3, a kuma mai da hankali kan taimakon da aka yi, a taƙaita bayanin tashin hankalin.

5.0 Shawarwari da Kammalawa

Bisa abin da ya gabata, ana ba da shawarar a gina darasin a kan halayen mutumin kirki. A faɗaɗa jerin ya haɗa ma'aikatan hukuma da masu sana'o'in gargajiya, maza da mata. A umarci kowane ɗalibi ya tambayo a gida wanda ya taɓa taimakon iyalinsu, ya zo ya bayar da labarin da bakinsa, wanda hakan zai inganta ƙwarewarsa ta magana. Haka nan a riƙa gayyato ungozoma ko maƙeri aji, su zo da kayan aikinsu su bayyana sunayensu, domin ta haka ne za a adana kalmomi irin su uwar maƙera da zugazugi da masaba. Daga ƙarshe, ya dace Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya da kwalejojin ilimi su sanya wannan tsari a cikin jagoran malami, tun da malamin aji ne zai aiwatar da duk abin da aka rubuta a manhaja.