Alkyabbar Iliya a Hannun Mai Zambo

A shekarar 1682 aka buga wata waƙa a Ingila mai suna Mac Flecknoe. John Dryden ne ya yi ta don ya yi wa abokin hamayyarsa zambo, wato Thomas Shadwell, marubucin wasan kwaikwayo.

Dabarar Dryden ita ce ya naɗa Shadwell sarauta. A cikin waƙar, tsohon mawaƙi Flecknoe shi ne sarkin ƙasar shirme, yana neman magaji. Da ya duba 'ya'yansa, bai ga wanda ya kai Shadwell daƙiƙanci ba. Aka yi bikin naɗi da manyan kalmomi irin na kirarin jarumawa. Girman rigar ne ke tona ƙanƙantar mai ita.

Mai karatun Littafi Mai Tsarki zai gane ƙarshen waƙar. Iliya ya hau sama, alkyabbarsa ta faɗo wa Elisha. Flecknoe kuwa rami ya faɗa, iska ta ɗago alkyabbarsa zuwa ga Shadwell, da rabo biyu na shirmen uban.

Gwaninta kam akwai, amma adalci ya yi ƙaranci. Shadwell ba daƙiƙi ba ne, mutanen Landan sun so wasanninsa. A 1689 ma shi aka ba matsayin mawaƙin sarki, bayan Dryden ya ƙi yi wa Sarki William rantsuwa. Duk da haka, yau da yawa ba su san Shadwell ba sai ta bakin magabcinsa. Ni dai na yi dariya, 'yan'uwa, amma ban ji daɗin ganin an ari alkyabbar annabi don ɓata sunan maƙwabci ba.