Kango da Allon Talla: Shin Wasan da Bai Fito Ba Ya Cancanci Shafi a Kundin Sani?

Wata ranar Lahadi, ranar da kasuwar Illela take ci, na baro Tozai tare da ƙanena muka tsaya a wani shagon cajin waya muna jiran rana ta yi sanyi. Shi mutum ne mai son wasannin tseren motoci na waya, ni kuwa a lokacin ban daɗe da kammala digirina na farko a fannin Hausa ba. Sai ya miƙo mini wayarsa yana murmushi, ya ce in duba. Shafi ne na Wikipedia ta Turanci a kan wani wasan bidiyo mai suna Rev Limit. Abin da ya ba shi dariya shi ne, wasan bai taɓa shiga kasuwa ba, ba wanda ya taɓa sayen sa a shago, amma ga shi da shafi guda cike da bayani. Ya ce, "Yaya, ku da kuka yi karatun adabi, ina shafin makaɗin noman garinmu, wanda duk damina sai an ji muryarsa tun daga nan har ƙauyukan Ƙonni?" Ban ba shi amsa a ranar ba, domin ba ni da ita. Wannan maƙala ita ce amsar da na tara daga baya.

Tambayar tana da kai biyu, kuma haɗa su wuri ɗaya ne yake jawo ruɗani. Na farko, shin abin da bai fito ba yana iya cancantar a rubuta tarihinsa? Na biyu, in har ya cancanta, me ya sa abin da yake raye a gabanmu bai samu wannan gata ba? Zan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Sai an fara sanin ma'aunin kafin a yi gardama a kan awo. Wikipedia, wadda Jimmy Wales da Larry Sanger suka kafa a watan Janairu na 2001, ba ta tambayar ko abu yana da kyau, ko yana da amfani, ko jama'a suna son sa. Ƙa'idarta ta cancanta tana tambaya ne ko wasu majiyoyi amintattu, waɗanda ba su da alaƙa da mai abin, sun yi bayani mai zurfi a kansa. Sharuɗɗa uku ke nan: amincin majiya, 'yancinta daga mai abin, da zurfin bayani. Akwai kuma wata ƙa'ida da take hana kundin zama wurin duba da hasashen abin da bai faru ba. A ɓangaren fina-finai ma an yi tsauri, inda aka ce fim ɗin da ba a tabbatar an fara ɗaukar sa ba bai kamata ya samu shafin kansa ba, domin sau da yawa akan yi shelar fim a fasa.

Da wannan ma'auni a hannu, sai na ga cewa kalmar "bai fito ba" tana rufe abubuwa guda biyu da suka sha bamban. Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Illela ya san su. Akwai fili wanda aka kafa wa allon talla, an zana hoton ginin da za a yi, amma ba a aza ko bulo ɗaya ba. Akwai kuma kango, wanda aka haƙa tushensa, aka tayar da bango har linta, sannan kuɗi suka ƙare ko mai shi ya rasu. Dukkansu ba a shiga ba. Amma allon talla maganar mai shi ce kawai, kango kuwa yana da tarihi: akwai maginan da suka yi aiki a cikinsa, akwai dalilin da ya sa aka tsaya, akwai abin da mai wucewa zai taɓa da hannunsa.

Rev Limit kango ne. Kamfanin Seta na ƙasar Japan ne ya yi aikinsa domin na'urar Nintendo 64, wadda ta fito a 1996. Mujallun wasanni na wancan zamani sun yi ta buga hotunansa da bayanin yadda aikin yake tafiya, aka yi ta ɗage ranar fitowarsa har aka daina maganarsa. Shekaru masu yawa bayan haka, wani kwafin gwaji na wasan ya ɓulla a intanet, masu sha'awa suka buga shi da hannunsu suka ga inda aka tsaya. Saboda haka mai rubuta shafinsa ba ya buƙatar hasashe ko kaɗan. Duk jimlar da zai rubuta a kan abin da ya riga ya wuce ne: an fara, an nuna, an jinkirta, an bari, an tono. Wannan tarihi ne cikakke, mai farko da ƙarshe, ko da yake ƙarshen ba shi ne wanda masu aikin suka so ba.

Akwai wani misali da ya fi wannan wuyar yanke hukunci, wato Donkey Kong Racing, wanda kamfanin Rare na Ingila ya nuna tallarsa a bajekolin wasanni na E3 a 2001, domin na'urar GameCube. A cikinsa an tsara 'yan tsere za su hau dabbobi maimakon motoci, abin da ya tuna mini da sukuwar dawaki da ake yi bayan sallar idi. A 2002 kamfanin Microsoft ya sayi Rare a kan dala miliyan 375, kuma da yake Donkey Kong mallakin Nintendo ne, wasan ya mutu a nan. A ganina wannan yana tsakanin kango da allo. Abin da jama'a suka gani ɗan gajeren bidiyon talla ne, amma dalilin mutuwarsa wani babban al'amari ne a tarihin cinikin kamfanonin wasanni. Da ni ne alƙali, sai in ba shi sashe a cikin shafin Diddy Kong Racing na 1997, wanda shi ne aka so ya gada, har sai an tara bayanin da zai ishe shi tsayawa da ƙafarsa. Hukunci a irin wannan lamari ba lallai ne ya zama ko dai a bari ko a goge ba. Akwai haɗewa, kamar yadda ɗan da bai isa kafa gida ba yake zama a gidan mahaifinsa.

Wasan da yake allon talla zalla kuwa, wanda kamfani ya yi shelarsa jiya, kuma duk abin da aka sani game da shi daga bakin kamfanin ya fito, wannan sai ya jira. Bahaushe ba ya yanka ragon suna alhali ciki bai sauka ba. Ba shi shafi a wannan mataki mayar da kundin sani ne ya zama ɗan koren kamfani, yana yi masa shela kyauta.

Kada wani ya ɗauka wannan matsala ta Japan da Ingila ce kaɗai. A 2016 gwamnatin tarayya ta bayyana shirin gina ƙauyen shirya fina-finai a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji ta jihar Kano, a kan kuɗi kimanin naira biliyan 3. Malaman addini da dama suka nuna adawa, 'yan fim da magoya bayansu suka kare shirin, daga bisani gwamnati ta janye. Ba a gina ƙauyen ba. Amma wane ɗalibin da zai rubuta tarihin Kannywood da gaskiya ya tsallake wannan batu? Muhawarar da aka yi ta fito da abin da al'umma take ji game da fim, tarbiyya da sana'a fiye da yadda fina-finai goma da suka fito za su iya. Abin da aka fasa yakan zama madubi ga waɗanda suka fasa shi. Ɗaliban adabi ma sun san haka ta wata fuskar: Franz Kafka ya rasu a 1924 ya bar wasiyya ga abokinsa Max Brod da ya ƙone rubuce-rubucensa da ba a buga ba, Brod ya ƙi, kuma littattafan da bai kammala ba su ne suka ɗaukaka sunansa. Rashin kammala abu bai taɓa zama hujjar rashin darajarsa ba.

To, kan farko ya samu amsa: Rev Limit ya cancanci shafinsa. Amma na san wannan ba shi ne abin da yake ci wa ƙanena tuwo a ƙwarya ba. Abin da ya dame shi shi ne kai na biyu, kuma a nan ne dole in soki ma'aunin da na yi amfani da shi.

Ma'aunin yana da wani gurbi da ba ya ɓoyuwa. Yana auna yawan abin da aka rubuta ne, kuma rubutu ba a raba shi daidai a duniya ba. Inda ake da mujallu da yawa da suke neman abin cika shafi kowane wata, ko wasan da ya mutu a ciki yana samun masu yi masa ta'aziyya a rubuce. Inda ilimi yake tafiya daga baki zuwa kunne, mutum yana iya shafe shekara arba'in yana zuga manoma a gayya, ƙauyuka ashirin su san kirarinsa, amma a idon ma'aunin tamkar ba a haife shi ba. Su kansu masu kundin sun sha tuntuɓe da wannan. A watan Satumba na 2007 Jimmy Wales da kansa ya buɗe shafi a kan Mzoli's, wani wurin cin nama a Gugulethu kusa da birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, aka goge shi cikin minti 22, sai bayan doguwar muhawara ya tsaya. A watan Mayu na 2018 an ƙi karɓar daftarin shafi a kan Donna Strickland, masaniyar kimiyyar fiziks 'yar Kanada, saboda ƙarancin majiyoyi, sai ga shi a watan Oktoba na shekarar ta samu kyautar Nobel. In ma'auni ya iya kuskure wanda ya kafa kundin da wadda ta ci Nobel, ina ga makaɗin Tozai?

Duk da haka, ba na cikin masu cewa a karya ma'aunin. Na yi tunanin abin da zai biyo baya. Ranar da aka ce maganar baki ta isa hujja ba tare da wani tantancewa ba, ba makaɗin noma ne zai fara amfana ba. Masu kuɗi da masu neman kujera ne za su fara cika kundin da kirarin da suka saya, kuma duk gidan da yake rikicin sarauta zai shigar da tasa ruwayar a matsayin tarihi. Shingen da ya hana makaɗinmu shiga shi ne dai ya hana maroƙin haya shiga. Haka kuma goge shafin Rev Limit ba zai ƙara wa Tozai layi ɗaya ba, tunda kundin intanet ba littafin takarda ne da shafukansa suke ƙarewa ba. Hassada ga mai rabo taki ce.

Abin da ya rage shi ne mu dubi kanmu. Mu ba al'umma ce marar alƙalami ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Abdullahi ɗan Fodiyo, Muhammadu Bello da Nana Asma'u sun bar rubuce-rubuce masu yawa, shi ya sa mai binciken ƙarni na 19 a ƙasar Sakkwato yake da abin kamawa. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, kuma muna nazarin su yau domin an buga su, an adana su, an yi sharhi a kansu. Daga Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939 zuwa jaridun Hausa na yau, hanyar mayar da magana rubutu a buɗe take. Ga kuma Wikipedia ta Hausa, wadda 'yan sa-kai suke ginawa, amma ita ma ba ta iya ɗaukar abin da ba a fara rubuta shi a wani wuri ba.

A nan ne tambayar ƙanena ta juyo kaina. Kundin digirina na farko a kan waƙoƙin noma na yankinmu na rubuta shi. Na zauna da makaɗin nan har sau uku, na naɗi muryarsa, na rubuta tarihinsa daga bakinsa da bakin waɗanda suka san shi. Aka ɗaure kundin da baƙin bango, aka ba ni maki, aka ajiye shi a kan kanta tare da ɗaruruwan irinsa. Bisa ƙa'idar kundin sani, aikin ɗalibin digiri na farko da ba a wallafa ba ba ya cikin majiyoyin da ake dogara da su, kuma ban ga laifin hakan ba, domin ba wani edita ko masani daga waje da ya tantance shi. Ashe ni ma ina da nawa wasan da bai fito ba. Bambancina da kamfanin Seta shi ne, nasu kangon ya samu masu zuwa su auna bangonsa su rubuta, nawa kuwa ni kaɗai na san inda yake.

Hukuncina ke nan. Wasan tseren da bai fito ba ya cancanci shafi idan ya bar sawun da wasu masu zaman kansu suka bi suka rubuta; ya cancanci sashe a shafin wani idan sawun kaɗan ne; ya jira idan alkawarin kamfani ne kawai. Makaɗin garinmu kuwa ya cancanci fiye da shafi, amma hanyarsa ta zuwa can sai ta bi ta jarida, ta mujallar ilimi, ta littafi. Na ciro babi na uku na kundina na fara gyara shi domin in aika wa wata mujallar nazarin Hausa. Makaɗin ya tsufa, muryarsa ta fara rawa, kuma damina mai zuwa ba ni da tabbacin zai iya fita gona.