Zanen Ɗanyen Bango: Nazari a kan Fasahar Fresko ta Italiya

Galibin shahararrun zane-zanen Turai ana iya sauke su, a sa a akwati, a kai su baje koli a Landan ko Tokiyo. Fresko kuwa yana nan inda aka yi shi, domin shi da bangon jiki ɗaya ne. Mai son ganin aikin Joto sai ya taka zuwa Paduwa, mai neman Piero della Francesca ya nufi Arezo. Shi ya sa ƙananan garuruwan Italiya ke riƙe da abin da kuɗin manyan gidajen tarihi ba zai saya ba.

Sai an san yadda ake aikin kafin a gane darajarsa. Ana ƙona dutsen farar ƙasa, a jiƙa shi a rami ya daɗe yana tsumawa, sannan a kwaɓa da yashi. Magini ya fara da yaɓe mai kaushi, mai zane ya fitar da fasalin aikin a kansa da jar ƙasa. Daga nan kowace safiya sai a shafa siririn yaɓe mai santsi, daidai faɗin da za a iya gamawa a yinin. Launin garin ƙasa ne da ruwa zalla, babu mai, babu gam. Yayin da yaɓen ke bushewa, farar ƙasar tana zuƙar iskar kabon, tana komawa dutsen da take tun asali, ta kulle launin a cikinta. Sa'o'i kaɗan ke ga mai zane. In hannu ya goce, sai a sassare wurin a sake. Maginan Kano da Zariya da ke fitar da dagi a jikin ɗanyen yaɓe sun san wannan tsere da bushewa. Cennino Cennini ya rubuta ƙa'idojin dalla-dalla a littafinsa na sana'ar zane wajajen 1400.

Rabon aikin yini guda ana kiransa jornata, kuma ana ganinsa da ido. In haske ya bugi bangon ta gefe, sai ga siririn layi yana zagaye kan mutum ko kafaɗarsa, inda yaɓen yau ya hau bakin na jiya. Fuska ɗaya kan cinye yini sukutum, alhali fili mai faɗi na sararin sama ana share shi a wuni guda. Ta haka masana suka ƙirga kimanin rabo 570 a rufin cocin Sistina da ke Batikan, wanda Maikelanjelo ya yi tsakanin 1508 da 1512, a tsaye bisa dandamalin katako, wuya a ɗage.

A ganina wannan ƙunci shi ya haifi kyan fasahar. Wanda ya san ba damar gyara dole ya yanke shawara kafin ya ɗauki buroshi: me zai nuna, me zai bari. Dubi cocin Scrovegni na Paduwa, wanda aka buɗe a 1305. Attajiri Enrico Scrovegni ne ya gina shi, kuma mahaifinsa ya yi ƙaurin suna wajen cin riba har Dante ya sa shi cikin 'yan wuta a waƙarsa. Mutanen da Joto ya zana a wannan bango masu nauyi ne, ƙafa a ƙasa, tufafi na zuba a manyan ninki, babu tarkacen ado. Baƙin ciki yana fitowa ne daga sunkuyawar baya da miƙewar hannu. Har gazawar fasahar tana nan a fili: shuɗin da ake samu daga ma'adinin tagulla ba ya jituwa da ɗanyar farar ƙasa, don haka sai bayan bango ya bushe ake shafa shi da ƙwai ko gam. Shi ne ya fara zubewa, mayafin Maryam ya koɗe a wurare da dama, fuskarta kuwa tana nan garau.

Liyonardo da Binci bai yarda da wannan gaggawa ba. Mutum ne mai son komawa kan aiki yana ƙari yana ragi, sai ya zana liyafar ƙarshe ta Annabi Isa da almajiransa a busasshen bango a Milan, wajajen 1495 zuwa 1498. Tun yana raye fentin ya soma ɓarewa, kuma gyaran baya-bayan nan ya ci shekaru daga 1978 zuwa 1999. A Benis kuma laima da gishirin teku ne suka hana fresko zama. Zanen da Giorgione da Tiziano suka yi a jikin masaukin fataken Jamus wajajen 1508 ya lalace, saura ɓurɓushi. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu zanen birnin suka rungumi fentin mai a kan ƙyalle.

Kuskure ne a ɗauka duk aikin na coci ne. Wanda ya fi burge ni yana fadar mulkin Siyena, a ɗakin da mutum tara masu riƙe da birnin a wancan zamani ke zama. Ambrogio Lorenzetti ya zana musu sakamakon mulkin adalci da na zalunci a 1338 zuwa 1339. A ɓangaren adalci ga magina a kan rufi suna ɗora bulo, ga mai ɗinkin takalma a shagonsa, malami da ɗalibai, jakuna ɗauke da kaya suna shiga ƙofar gari, manoma na girbi a karkara. A ɗaya bangon gidaje na rushewa, sojoji na kama mutane, gonaki sun zama kufai. Masu mulki sun biya kuɗi an zana musu gargaɗi a inda ba yadda za su ɗaga kai ba su gan shi ba, kuma a irin aikin da ba a saukewa a ɓoye in ya dame su. A Arezo ma akwai abin da mai karatunmu zai gane nan take: zuwan Sarauniya Bilkisu wurin Annabi Sulaiman, a bangon cocin San Francesco, aikin Piero na tsakiyar ƙarni na 15.

Haɗuwar zane da gini tana da tsada. A watan Yulin 1944 harin yaƙi ya kunna wuta a maƙabartar Camposanto ta Pisa, darmar rufin ta narke ta kwarara kan bango. Don ceton abin da ya rage sai aka manna ƙyalle da gam, aka ɓanɓaro fatar zanen. A ƙarƙashi aka tarar da zayyanar jar ƙasa ta farko, wadda ba wanda ya gani tun ranar da aka rufe ta, yanzu tana da gidan tarihi nata a garin. Ceto ne na dole, kuma na yaba. Inda nake da ja shi ne yadda ɓanɓarar ta zama ruwan dare a shekarun da suka biyo baya. Masaccio, a ɗakin Brancacci na Fulorens, ya jefa inuwar mutanensa daidai da hasken tagar gaske da ke wurin. Raba irin wannan zane da tagarsa asara ce ko da launi ɗaya bai zube ba. An yi sa'a yau masu gyara sun fi karkata ga barin zane a mazauninsa.

Barazanar yanzu ita ce numfashi da ƙurar masu ziyara. A Paduwa ana tsayar da baƙi kimanin minti 15 a wani ɗaki mai tace iska, sannan a shigar da su rukuni-rukuni na ɗan lokaci kaɗan. Wasu na ƙorafi, ni kuwa ina goyon bayan tsarin, domin ya fi cunkoson Sistina inda ake tura mutum gaba kafin idonsa ya saba da tsayin rufin. Mai zuwa Paduwa ya yanki tikiti tun da wuri, ya karanta jerin labaran bangon kafin ya shiga, don mintocin da aka ba shi su tafi a kallo.