Ƙafar Jonny Wilkinson da Masu Cewa Bugu Ya Kashe Zari-Ruga

Da zarar an tashi wasan zari-ruga ba a dire ƙwallo a bayan layi ba, sai masu sharhi su tono tsohon ƙorafinsu. Wai masu bugu sun rage wa wasan armashi, jama'a sun biya kuɗi don su ga gudu da karo, an bar su da kallon mutum ɗaya yana auna turaku. Wanda suka fi kafa hujja da shi shi ne Jonny Wilkinson na Ingila, musamman wasan kusa da na ƙarshe na kofin duniya na 2003, ranar da Ingila ta doke Faransa 24 da 7 cikin ruwan sama, maki 24 ɗin nan duka daga ƙafarsa. Wannan ƙorafi bai karɓu a wurina ba.

Masu yin sa sun manta tushe. A farkon wasan, a ƙarni na 19, dire ƙwallo ba ya ba da maki ko ɗaya, dama kawai yake ba ka ta buga ƙwallon tsakanin turaku. Daga baya ne aka yi ta ɗaga darajarsa, ya kai maki 4 a 1971, ya zama 5 a 1992. A fagen maki ƙafa ce uwargida, direwa amarya ce da aka yi ta cika wa akwati.

Tarihin Wilkinson sananne ne. An haife shi a 1979, ya shiga Newcastle a 1997, ya fara yi wa Ingila wasa yana ɗan shekara 18. A wasa 91 ya tara mata maki 1,179, duk da raunukan da suka raba shi da rigar ƙasarsa daga ƙarshen 2003 har Fabrairun 2007. Ya rataye takalmi a Toulon ta Faransa a 2014, da kofin Turai da na ƙasar a hannu. Masu lissafi za su ce Dan Carter na New Zealand ya fi shi, tunda ya tara 1,598. A bar musu wannan. A bugun saki-doka kuwa, wanda ya ci sau 36 a wasannin ƙasa da ƙasa, har yau ba a kamo shi ba, kuma a nan gwanintar take.

Bugun laifi aiki ne na natsuwa. An kafa maka ƙwallo a kan ɗan mazaunin roba, an ba ka minti guda, abokan karawa na tsaye ba su da ikon motsi. A nan ne aka san Wilkinson da tsayuwar nan tasa: ya ja da baya, ya ɗan rusuna, ya haɗa tafukan hannu a gabansa, ya dubi turaku, ya dubi ƙwallo. Shi da mai horar da shi, Dave Alred, sun saba ɗaukar kujera ɗaya a cikin 'yan kallo ta bayan turaku su mai da ita abin hari. Tsakanin turakun mita 5.6 ne, wanda ya auna kujera guda ko ya ɗan kauce yana nan a ciki.

Saki-doka ba ta da wannan gata. Wasa na gudana, ƙarti na rugowa kanka, ga ƙwallo mai siffar ƙwai da za ka saka ta faɗi daidai a kan tsininta, ka doke ta tana ɗagowa. Ta karkace kaɗan a hannu, aiki ya ɓaci tun kafin ƙafa ta iso.

A dubi wasan ƙarshe na kofin duniya a Sydney, 22 ga Nuwamban 2003. Ana 17 da 17 da Ostireliya, ƙarin lokaci na dab da ƙarewa. Ingila ta yi jifa daga gefe, Lewis Moody ya cafe a can ƙarshen sahu. Matt Dawson ya yi kamar zai miƙa, sai ya kutsa ta tsakiya ya ci tazara, aka danne shi. Kyaftin Martin Johnson ya karɓa ya sake afkawa, don Dawson ya samu ya tashi ya koma wurinsa, tunda miƙawarsa ake bukata. Sannan ƙwallo ta iso wa Wilkinson, wanda ya riga ya zubar da irin wannan bugu sau uku a daren. Bahago ne, duniya ta sani, amma da ƙafar dama ya doka. Aka tashi 20 da 17.

Wane ne zai kalli wannan ya ce aikin mutum ɗaya ne? Kowane motsi, daga mai jifa zuwa kyaftin, an yi shi ne don a sama wa mutum guda 'yan daƙiƙu da 'yar tazara. Shi kuma ya shafe shekaru yana horar da ƙafar da ba tasa ba, don mai ƙafa biyu ba a san ta inda za a tare shi ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Har gudun da masu ƙorafi ke so, ƙafa ce ke gadinsa. In 'yan baya suka san babu mai hukunta su, sai su yi ta kwanciya kan ƙwallo, suna satar fage, suna shaƙe wasa. Tsoron maki uku daga mita arba'in ne ke sa su janye hannu, fili ya buɗe wa masu gudu. Kuma in aka zo ranar da kowa ya toshe gidansa, ƙafa ke raba gardama: Joel Stransky ya ba Afirka ta Kudu kofin 1995 da saki-doka, Handré Pollard ya ba ta na 2023 da bugun laifi huɗu, 12 da 11.

An riga an rage saki-doka daga maki 4 zuwa 3 tun 1948, ragin ya isa haka. Masu neman a ƙara zaftare ta gara su koma filin atisaye, su koya wa masu tasowa bugu da ƙafa biyu.