Mazubin roba mai huji ya fi filasta, amma ga wa?

Duk wanda ya karanta tallan kamfanonin da ke ƙera injinan zuba kayan tangaran zai ci karo da lissafi guda: mazubin filasta yana lalacewa bayan zubi kamar 100, na roba mai huji kuwa yana kai dubu 20 ko fiye. Daga nan sai a yanke hukunci cewa zamanin filasta ya wuce. Lissafin ba ƙarya ba ne. Hukuncin ne ke da gyara.

Bari mu fara da yadda ake zubin. Kwanon wanke hannu da masai na zamani ba a gina su da hannu kamar tukunya. Ana dama yumɓu da ruwa ya zama kamar kunu, a zuba a mazubi. Idan mazubin na filasta ne, wato fi-o-fi ɗin nan da ake silin da shi, sai ƙananan hujojin jikinsa su riƙa tsotse ruwan, yumɓun ya daskare a bango a hankali. Babu inji, babu wuta. Ƙarfin tsotsar bai wuce bar 1 zuwa 2 ba, kusan iskar tayar mota kenan. Kuma kaurin ba ya tafiya daidai da lokaci: in kana son ya ninka biyu, sai ka jira ninki huɗu, domin yumɓun da ya riga ya kwanta shi ke tare wa ruwan baya hanya. Bayan an cire kayan, mazubin ya jiƙe sharkaf, sai an busar da shi, kuma ba da zafi sosai ba, don zafi yana kashe filasta. Ga shi yana ɗan narkewa a ruwa, ga sinadaran da ake sa wa kunun don ya saki suna cin fuskarsa. Shi ya sa ba ya daɗewa.

A shekarun 1980 ne zubi da matsi ya shiga masana'antu, inda kamfanin Dorst na Jamus da Laufen na Suwizalan suka kasance cikin na gaba, SACMI na Italiya ma ya shahara a kai. Mazubin galibi na akirilik ne, folimar da ake kira PMMA. Dabarar yinsa tana da ban sha'awa: ana haɗa garin folimar da ruwan sinadarin da ke daskarewa ya zama roba, sannan a cakuɗa ruwa a ciki. Idan robar ta daskare, guraben da ruwan ya zauna su ne hujojin, kuma a haɗe suke da juna. Ana tura kunun da matsin bar 10 zuwa 15, ruwa ya fice ta hujojin, abin da ke cin sa'o'i ya koma mintuna. A ƙarshe a busa iska ta baya, kayan su saki. Babu jiran bushewa, sai zubi na gaba.

To ina matsalar? Ita ce wannan robar ba ta tsotsar ruwa yadda filasta ke yi. Ajiye ta a kan teburi ka zuba mata kunu, ba za ka samu kwano ba. Sai da famfon matsi, da kwamfaresa, da injin da zai danne ɓangarorin mazubin kada su buɗe, da lantarki mara yankewa. Kenan kwatanta zubi 100 da dubu 20 kwatanta kayan aiki ne da ɓangaren inji. Kuɗin injin ba ya cikin lissafin tallan.

Na biyu, dubu 20 ɗin nan riba ce kawai ga wanda zai sayar da dubu 20 na fasali ɗaya. Babbar masana'anta da ke fitar da kwano iri ɗaya dare da rana, ita kam ta dace. Ƙaramar da ke yin fasali talatin, ɗari biyu-biyu, za ta biya kuɗin tsawon rai da ba za ta taɓa mora ba, kuma ranar da kasuwa ta sauya ra'ayi, mazubi mai tsada ya zama kayan ajiya. Na filasta kuwa, ƙwararre ɗaya zai zuba sabo daga uwar mazubi ba tare da wani dogon shiri ba. Wannan sauƙin sauyi daraja ce, amma ba ta da lamba, don haka ba a sa ta a jadawali.

Akwai kuma kunun kansa. Wanda ya yi kyau a filasta ba lallai ya yi a roba ba. Ƙwayoyin yumɓu masu laushi sosai suna shiga hujoji su toshe su, ruwa ya daina fita daidai, wani gefen ya yi kauri wani ya yi siriri, sai a wurin gashi a ga tsagewa. Dole a sake haɗin, a riƙa wanke mazubin a kan kari.

Batun muhalli shi ne inda tallan ya fi zaƙewa. Gaskiya ne an huta da ɗakunan busar da mazubi da tulin tsohon filasta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma PMMA daga man fetur da iskar gas ake samo ta, injinan kuma suna shan wuta. Ana iya mayar da tsabtatacciyar PMMA ruwan asalinta ta hanyar zafi, sai dai mazubin da yumɓu ya cika hujojinsa ba tsabtatacce ba ne. Filasta kuwa jifsam ne, ma'adinin da masana'antun siminti ke buƙata, kuma tsohon mazubi yana iya komawa can. Su kansu masana'antun da suka sayi injinan matsi, da yawansu har yanzu suna riƙe da layin filasta a gefe, don fasali masu wuyar lanƙwasa da odar da ba ta da yawa.